Murfin Tukunya

Ƙarfe ɗayan dare a Aboabo,
fanka na kai-komo kamar mai bin bashi,
daga ni sai kwamfutar da Alidu ya aiko daga Napoli.
Ya ce, "Sherifatu, haɗa mini bikin sunan 'yata,
in kalla kamar ina nan."
Kamar yana nan!

Wayoyi uku suka ɗauki bikin,
kowacce da alƙiblarta.
Layin farko na ba wayar Goggo Lamisi,
rabin hoton babban yatsanta ne,
sauran rabin rumfar haya da kujerun roba.
Na ɗora ta Sanda a kai,
yaron da ya bi kwanon shinkafa da wake gida-gida
ya manta akwai jaririya.
Layi na uku ba hoto, duhu ne zalla:
wayar Mma, da aka kife kan tabarma,
tana ta saurare ba da sanin kowa ba.

Na jera su sama da ƙasa
kamar zare a masaƙar Bonwire,
sai dai saƙar ta ƙi kama juna.
Bakin liman na motsi, muryarsa na bayan gida,
amin ta riga addu'a fita,
rago ya yi kuka bayan an feɗe shi.
Na ja, na tura, na datse, na mayar,
har linzami ya jiƙe a tafina.

Can na tuna da murfin tukunya.
Da hantsi ya suɓuce wa Azara,
ƙwal! a kan siminti,
duk wayoyin uku sun ji.
Ga shi nan a zanen sauti,
tsini guda ya miƙe kamar hasumiya.
Na ɗora tsini kan tsini kan tsini,
sai baki ya gamu da muryarsa,
amin ta koma sahunta,
rago ya mutu a kan lokaci.

Da na ƙara wa layin duhu murya,
sai ga Mma ƙasa-ƙasa,
tana ce wa Hajiya Barikisu,
"Abin da ya aiko bai kai ba.
Atamfofina uku na kai Alabar,
su ne ragon nan.
Kada ya ji."

Na cire hannu.
Fanka ta je, ta dawo, ta je.

Akwai ɗan maɓalli gefen kowane layi,
taɓawa ɗaya, ya kurumce.
Amma a wannan duhun ne kaɗai
aka ji ta tana raɗa wa jika sunanta,
sau uku, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.
Ba na kashe layin duka.
Daƙiƙa goma sha ɗaya na yanke,
aka bar giɓi kamar wushirya.

Giɓi kuwa tsegumi gare shi.
Da asuba na zura waya ta taga,
na kamo yaron mota yana dukan ƙofar trotro:
"Kejetia! Kejetia! Saura mutum ɗaya!"
da mai koko tana kwankwasa ludayi.
Na buɗe layi na huɗu,
na shimfiɗa su kan ramin,
na lallaɓa gefe da gefe har ɗinkin ya ɓace.

Ran Lahadi ya kira, muryarsa a shaƙe.
Ba jaririyar ba ce, in ji shi,
ba kuma addu'ar liman ba,
kiran Kejetiyan nan ne ya karya shi.
"Kin ji? Saura mutum ɗaya."
Na ce na ji.
Ya ce ragon ya yi ƙiba, ashe kuɗin sun isa.
Na ce murfin Azara ya lotse.

Daƙiƙa goma sha ɗayan ban zubar ba.
Na ja su can ƙarshen layi,
bayan baƙin allo, bayan an tashi,
inda mai kallo ba ya kaiwa.
Suna nan a ninke,
kamar yadda Mma ke ninke atamfa
a akwatin da yanzu ake ganin gindinsa.