Injin da Ke Cikin Kwali

A asibitin unguwarmu, bayan Ƙofar Sauri,
akwai injin hoton ciki da bai taɓa ganin ciki ba.
Shekara uku yana kwance a kwalinsa,
ko ledarsa ba a ɓare ba.
Da jawabi aka kawo shi, da tafi, da lemon kwalba,
aka manta da mai kunnawa, da wutar da zai sha,
da kuɗin gyara ran da ya yi gardama.
Nan Yaya Sahura ta kwana biyu a kan gwiwa,
ana lalube da hannu, inji na gefe yana barci.
Ita ta tashi. Ɗan bai yi kuka ba.

Tun ranar nake neman sunan wannan ciwo.
Ga inji, ga likita,
babu mai tsayawa a tsakaninsu
da alƙalami a dama, sifana a hagu.

Da na ce tafiyar da kimiyya da fasaha zan karanta,
Baba ya ɗago daga janareton da yake kwancewa,
baƙin mai har gwiwar hannu:
"Tanimu, injiniya ke nan ko akawu?"
Na ce, "Mai hana a kawo maka gawar inji."
Ya ce, "Ashe kasuwata za ka kashe,"
ya yi dariya, ya mayar da kai.

Takardu uku na baza a tsakar gida.
Ta farko gini ne na gilashi,
ɗalibai na murmushi kamar an biya su,
kuɗin shekara ya haɗiye gonarmu ta hanyar Jibiya.
Ta biyu can Kudu, yini da kwana a mota;
Inna ta auna nisan da ɗan yatsa a wayata,
ta tashi ta hau tankaɗe, ba ta ce komai ba.
Ta uku nan bayan gari, kurkura biyu ka isa,
hotonta ma ya dushe.

Baba ya ce, "Ba a sayen inji don fenti.
Je ka kasa kunne."

Na je gidan gilashi.
Ɗakin gwaji da kwaɗo, mai makulli ya yi tafiya.
Na leƙa ta taga: na'urori a jere cikin leda.
Na san ledar nan.
Ban tsaya karɓar kalandar da suke rabawa ba.

A ta ukun famfo na ɗiga, an tara masa bokiti.
Wata Malama Laure, tabarau a goshi,
ta buɗe mini littafi mai kaurin bulo:
kowane inji da shafinsa,
ran da ya zo, ran da ya kwanta,
wa ya taɓa shi, nawa ya ci.
Can lungu ɗalibai biyar sun kwance firjin rigakafi
suna musu kan farashin batir
kamar masu rabon gado.
Na tsaya har aka kira la'asar, ban sani ba.

Kuɗin fom ɗin warin fetur suke yi.
Mai shagon kwamfuta ya sunsuna, ya dube ni, ya karɓa.

A hanyar gida na ratsa ta asibiti.
Na ƙwanƙwasa kwalin a hankali, kada nas ta ji.
Na ce, "Shekara huɗu. Ka yi haƙuri."
Wani abu ya motsa a ciki.
Ɓera ne, na sani.
Allah ya sa bai kai ga wayoyin ba.