Wurin Sa Ƙafa

Kwana tara ina gina dutse ɗaya
a ɗakin sama na gidanmu a Skúvoy,
da alƙalamin da ba ya shan tawada,
a kan allon da ba ya jiƙa.
Masu wasan kwamfuta a Kopenhagen
sun ce ranar Juma'a suke so:
tsauni tsaye ƙyam a bakin teku,
wanda in yaro ya leƙo daga kansa
sai cikinsa ya ɗuri ruwa.

Na fara da baƙi, yadda aka koya mini,
na ɗora toka-toka, na ɗora ruwan ƙasa,
falle kan falle, har talatin da biyu.
Haske ta hagu. Inuwa ta kwanta dama.
Na karce gefe da buroshi mai kaushi,
na yayyafa gansakuka inda rana ba ta kai,
na ja kujera baya na duba.
Ya yi kyau.
Kyan ne ma ya dame ni.

Sai ga takun Baba a matakala,
ƙafa ɗaya da nauyi, ɗaya da ja.
Tróndur, wanda ya shekara arba'in
ana zura shi da igiya ta bakin tsauni
yana kwaso ƙwan tsuntsayen teku.
Ya ajiye mini kofi. Ya gyara tabarau.
Ya kawo hanci dab da gilashin
kamar zai sansana.

"Rannvá, wa zai sauka nan?"
Na ce ba sauka ake ba, Baba, kallo ake.
Ya ce, "Shi ya sa.
Dutsen nan bai taɓa ɗaukar kowa ba."

Ya ɗora yatsan da sanyi ya lanƙwasa,
ya bar mini maiƙo a allo.
"Nan ruwa ke bi, ina baƙin sawunsa?
Ina kashin tsuntsu?
Dutsen da babu fari-fari a ƙirjinsa
ba mai kwana a kansa.
Shekarar da aka haife ki wani ɓangare ya ɓalle,
girman cocin garin nan, ya faɗa ruwa,
tabon yana nan ja har gobe.
Naki ba tabo.
Kuma tsagoginki duk kansu ɗaya,
kamar haƙoran roba.
Akwai tsagar da ke riƙe mutum,
akwai mai yi masa murmushi ta sake shi."

Na san wadda yake nufi.
Sunan ƙaninsa ba ya fitowa a gidan nan
sai in iska ta yi yawa da dare.

Don in kawar da zancen na danna maɓalli,
tsagar ta ɓace.
Na sake dannawa, ta dawo.
Ya ce, "Sake."
Na sake.
Ta ɓace, ta dawo, ta ɓace.
Kofi ya huce a tsakaninmu.
Can ya ce, "Namu ba shi da wannan,"
ya sauka yana dafa bango.

Daren nan na ɓata aikin kwana tara.
Na zuba ruwa ya bi inda ya ga dama,
na fasa kafaɗar dutsen, na bar ciwon a buɗe,
na watsa kashin tsuntsu ba tausayi.
Can ƙasa, inda ba mai wasan da zai lura,
na fitar da ɗan tudu, faɗin takalmi ɗaya,
da duwatsu biyu a kansa,
ɗaya kafaffe, ɗaya jingine kawai.

Da safe ya hau, bai zo da kofi ba.
Ya daɗe a tsaye.
A ƙarƙashin tebur na ga ƙafarsa cikin safa
tana lalube a kan katako.
Ya ce, "Kar ki taka na hagun."

Na tura Juma'a da yamma.
Sun amsa Litinin: ya yi, madalla,
sai dai a rage kashin tsuntsun.