Mai Garwashi

Sha biyu ta gota. Abuja ta tuɓe kwat,
ta bar fitilu suna gadin kwalta.
Mun tashi aiki da yunwa mai ƙaho,
ni da Nafi'u, cikin tsohuwar motarsa
wadda ba ta tashi sai an roƙe ta.

Wuse ba ta barci, ido ɗaya take rufewa.
Gidan farko, kiɗa ya tare ƙofa,
ba ka jin na kusa sai ya ciji kunnenka.
Na biyu, mai gadi ya dubi takalmanmu
kafin ya dubi fuska. Muka gane, muka juya.
Na uku an ce an sauke tukwane,
saura hayaƙi mai ƙamshin kankana.
Nafi'u ya ce hayaƙi ba ya riƙe hanji.

Na huɗu yana bayan wani kantin magani.
Fitilun gilashi, shuɗi da ja, a rataye,
da wani Baturke mai furfurar gashin baki
yana juya nama bisa doguwar tsinka.
Ya ce mana sannu da harshe mai nauyi.
Sannun nan ce ta zaunar da mu.

Na karanta farashi kafin sunan abinci,
halin mai jiran ƙarshen wata.
Gurasa ta zo a kumbure, tana huci,
da niƙaƙƙen wake cikin riɗi da man zaitun.
Ƙosan da ya ƙi shiga kasko, in ji Nafi'u,
amma har da yatsa ya suɗe kwanon.
Naman kuwa tsire ne da ya yi karatu a waje,
ya dawo ya manta ƙuli.
Shayi ja, a ɗan kofi mai siririn ƙugu,
kurɓa uku ya ƙare.

Ni ba na zuƙar shisha, ƙirjina ba ya ɗauka.
Na zauna ina jin ruwa yana ɓulɓul a tulu,
mutanen teburin gefe suna cinikin fili
da sifili da yawa,
hayaƙi yana goge musu fuska.

Sai ga yaron garwashi,
yana lilo da kaskon wuta tsakanin kujeru.
Ya ɗora uku da awartaki, ya sunkuya,
ya hura gajere sau biyu, dogo sau ɗaya.

Na san hurin nan.

Na ce, daga ina?
Ya ce, Jos, Gangare.
Gidan wa?
Jikan Barau maƙeri ne ni, sunana Tanimu.

Wuƙar da uwata ke yanka albasa har yau
Barau ne ya ƙera ta, ina riƙe da zaninta a wurin.
Ya ce an rufe maƙerar shekara shida,
shagon cajin waya ne yanzu.
Bai faɗa da baƙin ciki ba.
Tebur na tara yana kiran wuta, ya tafi.

Biyu da rabi muka biya, kuɗin man mako guda.
Motar ta ƙi tashi.
Nafi'u ya roƙa, ta yi tari, ta yi shiru.
Sai na ji an dafa bayanta tare da ni,
hannu biyu masu ɗumi, masu toka.

Har yau shatin tafinsa yana jikin but.
Ruwa bai sauka ba tukuna,
Nafi'u kuwa ba mai wanke mota ba ne.