Shunin Ɓargo

Shekara talatin ina tsoma fari a karofin Ƙofar Mata.
Na san baba tun yana ganye,
na san ranar da rijiya ta nuna
da ranar da ta mutu.
Ban san jini ma rina shi ake yi ba
sai da Barira ta daina cin tuwo.

Zazzaɓi muka ce. Sau uku ana ba ta na sauro.
Shawara ce, in ji maƙwabta, muka jiƙa saiwa.
Dasashi na zub da jini a kan asuwaki,
ga tabo shuɗi-shuɗi a ƙwaurinta.
Uwarta ta ce ni na taɓa ta da hannun aiki.
Na wanke, na sake wankewa. Bai fita ba.

A asibiti suka huda ƙashin ƙugunta,
suka ɗebo ɓargo, ɗigo kaɗan,
suka shafa a gilashi, suka rina.
Dakta Furera ta ce, Malam Lurwanu, matso ka duba,
kai ma ai launi ne sana'arka.
Na kafa ido a madubin.
Allah ya yafe mini, kyau na fara gani:
shunin da hannuna bai taɓa haɗawa ba,
ƙwallaye manya sun cika fili
kamar Kasuwar Kurmi ranar jajiberi,
babu masaka tsinke.

Sankarar jini ce, ta ce,
amma ba wadda muka saba gani ba.
Waɗannan ƙwayoyin riga biyu suka saka,
ba su wannan gida, ba su wancan.
Sai an aika nesa a tantance.
Kwana goma sha ɗaya muna jira.
Na sayar da babur.

Yanzu ruwan magani ja ne kamar zoɓo,
yana ɗiga daga hantsi zuwa la'asar.
Kitson sallarta ya kwanta a kan matashi,
ita ta tashi ta bar shi.
Marina bakwai suka zo ba da jini,
nas na laluben jijiya a hannuwa shuɗɗa,
Barira na tambaya
ko ita ma za ta koma shuɗiya.

Gobe za a sake huda ƙashin.
A wurinmu, zane kore yake fitowa daga rijiya,
sai ya sha iska yake faɗin launinsa.
Ba a yi masa gaggawa.
Haka nake gaya wa yaran karofi.
Daren nan na gaya wa kaina,
kaina bai ji ba.