Binne

Ni ba bashi nake bayarwa ba.
Bashi ya san ranar dawowa gida.
Nawa kuɗin binne ne:
a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa,
a koma inuwa a zura wa gabas ido.

Mutum takwas na zuba wa jari a Damagaram.
Shida sun mutu suna rarrafe,
biyu na ɗingishi a Kasuwar Dole.

Sai ga Tsahara daga Kara-Kara,
ba takardar lakol, ba kawu a banki,
yatsunta duk tabon dalma.
Ta dire wata 'yar na'ura bisa teburina
mai buga wa waya in famfon unguwa ya kawo,
ko da tsakar dare ne,
mata su huta da kwanan gadin jarka.

Mutari abokin hannun jarina ya ja ni gefe:
"Ina lissafinta?"
Na ce yana bangon ɗakinta, da gawayi,
gida ɗari da sha huɗu, dala biyar-biyar.

Jika ɗari takwas na ƙirga mata,
ɗaya cikin biyar na kamfanin nawa.
"In ya faɗi fa, Alhaji?"
"Mun faɗi tare."

Jiya, uku saura kwata,
wayar matata ta yi ƙara.
Ta tashi tana laluben takalmi.
Na kwanta shiru cikin duhu,
ina jin famfo yana tari,
yana tari,
bai kawo ba tukuna.