Masu Aiki Cikin Duhu

Shekarar da kogi ya cinye shinkafar Mati a fadamar Miga,
ya bar masa bashin taki da lauje mai tsatsa,
bai yi kuka ba. Magana kawai ya daina.
Rediyonsa ya mutu a rataye jikin danga.
Ya bar zuwa teburin Ilu mai shayi.
In na ajiye tuwo, tuwo nake ɗaukewa,
miyar ta yi fata a sama.

Aka yi rubutu ya sha, aka yi hayaƙi.
Yayarsa ta ce sammu ne, har ta kama suna,
muka yi wata biyu ba ma gaisawa da maƙwabta, a banza.

A asibitin Kazaure, bayan mota biyu da ɗan acaɓa,
wata ma'aikaciya, Hansatu, mai tabon ƙuna a hannu,
ta ba shi ƙwaya, ta ce kullum dare, ban da tsallake,
ta sa masa ranar dawowa.
Sai ta juyo kaina: Me yake ci?
Na ce taliyar leda da lemon kwalba, in ya ga dama.
Bayan gida fa?
Na sunkuyar da kai. Kwana huɗu, wani lokaci biyar.

Ta ce a hanjin kowa akwai wasu halittu,
ido ba ya ganinsu, sun fi 'yan kasuwar Gujungu yawa,
masu bincike na zaton suna aika saƙo har cikin kai.
Ba a gama ganewa ba, in ji ta,
kar ki bar ƙwayar saboda su.
Amma ki ciyar da su.

Saura kaɗan in yi dariya.
Shekara ashirin ina sana'ar daddawa.
Na san in na dafa kalwa na lulluɓe ta a lungu mai ɗumi,
akwai masu shiga su yi kwana uku suna aiki cikin duhu.
Ban taɓa ganin fuskarsu ba, ban taɓa biyansu ladan aiki ba.
Na kuma san ranar da suka yi fushi:
warin daban ne, ko kaji sai sun yi shawara.

To wa ma ya raɗa wa abin suna baƙin ciki?
Ai bai ce baƙin kai ba.
Da tsofaffi ke cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba,
mun ɗauka zancen riƙon asiri suke.

Yanzu Dudu na kawo kindirmo daga ruga tun rana ba ta yi zafi ba.
Wake, zogale, kwaɗon rama in an samu ƙuli.
Ƙwayar na cikin gwangwanin madara, ina ƙirga ta duk dare.
Ban san wa ke aikin ba,
ita ce, ko su ne, ko addu'ar uwarsa,
ba ni kuma da niyyar raba musu gardama.

Har yanzu akwai ranakun da yake juya fuska ga bango.
Amma jiya, ina tsakiyar kirɓi,
ya leƙo daga ɗaki ya yamutsa hanci,
ya ce, Tabawa, wannan warin naki sai ya kori baƙi daga garin nan.

Wata bakwai rabon da ya tsokane ni.
Na ba shi baya na ci gaba da daka,
kar ya ga abin da ya ɗiga cikin turmi.