Bashi a Tungar Barmo

Bashi ne ya kai ni, ba yawon buɗe ido ba.
Jaka goma sha bakwai, kuɗin koma da ƙugiya.
Wata takwas sunan Barmo na littafina
kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Daga Garwa na kama motar asuba,
daga Lagdo ɗan acaɓa ya goya ni
har inda hanya ta gaji ta koma turba,
turba ta gaji ta koma rairayi.
Ya ce, sauka, maigida, daga nan sai sawu.

Bukkoki ashirin, ko ba su kai ba.
Hayaƙin banda ya riga kowa yi mini maraba.
Wani yaro mai wando ɗaya da kaifin ido
ya ce Barmo yana kan ruwa tun kiran assalatu,
ya ja ni ta bayan masallacin zana,
muka gangara.

Nan bakina ya mutu.

Tafki ya zuro hannu tsakanin duwatsu
kamar mai laluben goro a aljihu.
Duwatsun kuwa, baƙaƙe, sulɓaɓɓu,
wani bisa wani, ba turmi ba ƙasa,
wanda ya jera su bai bar sunansa ba.
Kashin balbela ya yi musu farar hula.
Ruwa na shiga lungu ya ce ƙulum,
ya fito ya ce ban ce komai ba.
Kwale-kwale uku a ɗaure suna gaisawa da goshi.

A kan falale wata tsohuwa na feɗe karfasa.
Dudu, in ji yaron, ita ta haifi Barmo.
Ta miƙo mini ruwa a ƙoƙo, ba ta tambayi sunana ba.
Ta nuna da wuƙa:
Ka ga wancan, mai kama da raƙumi a durƙushe?
Kan tudu ne.
Can nake kai awakin babana ina 'yar ƙwailo.
Ƙarƙashinsa akwai tsamiya, akwai rijiya,
akwai kushewar mutum huɗu da na sani.
Da aka datse kogi ruwa ya zo a hankali,
kamar baƙo mai kunya,
ya kwana a gona, ya kwana a zaure,
har yau bai yi sallama ba.

Ta ce haka tana dariya,
ɓawon kifi na walƙiya a damtsenta.

Na zauna. Littafin na cikin aljihun gaba,
yana danna mini ƙirji.
Can nesa dorina ta fito da kunnuwa, ta mai da.
Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya tun azahar,
shi ma, ina ji, wani yake bi.

La'asar sakaliya Barmo ya shigo lungun,
gora a hannu, yana kauce wa duwatsun
kamar mai ratsa ɗakin da yara ke barci.
Na leƙa cikin jirgin:
tarwaɗa shida, da ƙaramar giwar ruwa guda.
Komar da na ba shi ta sha ɗinki
har ba na gane zarena.

Ya ce, na san abin da ke tafe da kai.
Ya kwance bakin zanen uwarsa, da izninta,
jaka uku, jiƙaƙƙu, masu ƙarni.
Ya ɗora giwar ruwan a kai.
Na ce kifin fa? Ya ce, wannan na baƙo ne,
ba ya shiga lissafi.

Na rubuta: saura sha huɗu.
Ni ɗan kasuwa ne, ba waliyyi ba.

Amma a motar dare, kifi a cinyata cikin ganye,
fasinja na toshe hanci,
ba kuɗin nake ƙirgawa ba.
Tsamiyar nan nake gani, tsaye cikin duhun ruwa,
karfasa na ratsa rassanta
inda dā tsuntsaye ke kwana.